Winston Churchill: Hafsan Ko-ta-kwana Mai Yawan Sauya Runduna

An haifi Winston Churchill a fadar Blenheim da ke Ingila ranar 30 ga Nuwamba, 1874. An fi saninsa da firaministan Birtaniya na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ba kasafai ake waiwayar shekarun da ya yi yana hafsan sojan ko-ta-kwana ba, wato sojan da ke zaman farar hula, yana zuwa atisaye lokaci-lokaci har ranar da za a buƙace shi.

Tun yana matashi ya saba da sauya runduna. Ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya shiga sojan doki a 1895. Albarkacin manyan da mahaifiyarsa ta sani, aka jingina shi da rundunar 21st Lancers, ya halarci yaƙin Omdurman na Sudan a 1898, alhali kwamandan yaƙin, Kitchener, bai so zuwansa ba. Ya ajiye cikakken aikin soja a 1899, ya shiga majalisar dokoki a 1900.

A 1902 ya zama kyaftin a Oxfordshire Hussars, rundunar mahaya 'yan sa-kai ta yankinsu, inda ƙanensa Jack ma ya yi aiki. Ya kai manjo a 1905, shekarar da aka naɗa shi ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka. A wannan kujera yake lokacin yaƙin Satiru na 1906, kuma ya soki yadda Lugga ke yawan tura sojoji su ladabtar da al'ummomi a Nijeriya ta Arewa.

A 1915 ne hanyar da ya saba bi ta fara cijewa. Bayan asarar da aka tafka a yaƙin Dardanelles, an raba shi da kujerar ministan sojan ruwa, a watan Nuwamba kuma ya fice daga gwamnati, ya nufi Faransa da igiyarsa ta manjo don komawa cikin rundunarsa. Bai zauna a cikinta ba. Babban kwamanda, Sir John French, amininsa ne, ya kuwa yi masa alkawarin birged guda, amma ya fara tura shi bataliya ta biyu ta Grenadier Guards domin ya koyi yaƙin cikin ramuka. Hafsoshin wannan bataliya cikakkun sojoji ne masu ji da kansu, ba a kuma shawarce su ba kafin a kawo musu ɗan siyasa daga rundunar sa-kai, don haka suka karɓe shi ba yabo ba fallasa. Sai da ya zaɓi kwana a ramin gaba tare da ƙananan sojoji kafin suka saki jiki da shi.

Alkawarin birged bai cika ba. Firaminista Asquith ya hango surutun da za a yi a majalisa idan aka tsallake da manjon ko-ta-kwana zuwa birgediya, sai ya hana. Da wuya a ce Asquith bai yi daidai ba, domin mutumin bai taɓa jagorantar ko da bataliya ba. A watan Disamba aka sauke French, Douglas Haig ya gaje shi. Abin da Churchill ya samu a Janairun 1916 shi ne igiyar laftanar-kanar ta wucin gadi da bataliya ta shida ta Royal Scots Fusiliers, sojan ƙasa na Sikotlan da suka sha wuya a yaƙin Loos. Ya jagorance su a Ploegsteert ta ƙasar Beljiyam. A watan Mayu aka haɗe bataliyar da wata saboda ƙarancin mayaƙa, shi kuwa ya koma majalisa. Sunansa ya ci gaba da zama a jerin hafsoshin ko-ta-kwana har 1924.

Ya rasu ranar 24 ga Janairu, 1965. A jerin gwanon jana'izarsa a Landan, an ware gurbi ga magadan Oxfordshire Hussars bisa umarnin da ya bari, ko da yake rundunar ta daɗe da rabuwa da dawaki.