Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

An haifi Ladi Kwali wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Randunan ruwa take ginawa, amma takan zana ƙadangare, kunama da kifi a jikinsu, kamar yadda mutanen da suka zana shanu a duwatsunmu na Birnin Kudu. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara su a fadarsa, can Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantarsa ta tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau, mace ta farko. Ashe randar ƙauye za ta kai Landan! An nuna aikinta can a 1958. Ta rasu a Minna a 1984. Ku juya takardar naira ashirin, za ku gan ta tana gini.