Sarki Faruk na Masar, mai tara tsoffin sulalla

An haifi Faruk a Alƙahira a 1920, ya hau gadon sarautar Masar yana ɗan shekara 16. Tara tsoffin sulalla ya ɗauke masa hankali, har ya mallaki dubban na zinariya, alhali talakawansa na fama da fatara. A 1946 ya karɓi baƙuncin Victor Emmanuel na Uku, sarkin Italiya da ya yi murabus, wanda shi ma gwani ne a wannan harka. Sojoji sun hamɓarar da Faruk a 1952, aka yi gwanjon tarin nasa a 1954. Ya rasu a Roma a 1965. A 2021 an sayar da wani sulen zinariya na Amurka, da ake kyautata zaton nasa ne, kan dala miliyan 18.9.