Frederick Griffith: Ma'aikacin gwamnatin da ya gano yadda ƙwayar cuta ke aron hali

Frederick Griffith likita ne haifaffen yankin Lancashire a Ingila. Ya yi karatu a Liverpool, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na Ma'aikatar Lafiya da ke Landan. Aikinsa bai kasance mai jawo suna ba: a aiko masa da kakin masu ciwon huhu, shi kuma ya tantance jinsin ƙwayar da ta kama su. Mutum ne mai kunya, ba ma'abocin taro ba.

A cikin wannan aiki ya yi gwajin da ya wallafa a 1928. Ƙwayar Streptococcus pneumoniae, mai haddasa nimoniya da sanƙarau, tana da siffa biyu: mai kwanso wadda ke kisa, da marar kwanso wadda garkuwar jiki ke cinyewa. Griffith ya yi wa ɓeraye allurar marar kwanson, suka rayu. Ya kashe mai kwanson da zafi ya yi musu, nan ma suka rayu. Amma da ya gauraya su biyun, sai ɓerayen suka mutu, aka tarar da rayayyun ƙwayoyi masu kwanso a jininsu, kwanson kuwa irin na matattun ne. Ke nan rayayyar ta karɓi wani abu daga gawar 'yar'uwarta, zuriyarta kuma ta gaje shi.

Bai rayu ya ga fassarar abin ba. A watan Afrilun 1941 bam ɗin jiragen Jamus ya hallaka shi a Landan tare da abokin aikinsa William Scott. Sai a 1944 Oswald Avery da abokansa biyu suka nuna a New York cewa abin da ake karɓa ɗin DNA ne, wato sinadarin gado.

Nauyin binciken ya ƙara bayyana da ƙwayar ta fara bijire wa penisilin. Ta wannan hanyar ce take tsintar guntayen DNA daga danginta da ke zaune a bakin ɗan'adam, irin su Streptococcus mitis, ta sauya furotin ɗin da maganin ke kamawa, sai penisilin ya rasa wurin riƙo. A 1977 aka samu nau'inta mai jure magunguna da dama lokaci guda a asibitocin Afirka ta Kudu, mafi yawa a jikin ƙananan yara.