Edward Meyrick, Malamin Da Ya Raɗa Wa Tsutsar Tumatir Suna

Duk wanda ya tashi a fadamun gulbin Rima, tun daga Goronyo har Wurno, ko kuwa a wajen Rabah, ya san in damina ta wuce ba a zaman banza. Da an kau da gero da dawa sai a gangara lambu, wannan ya dasa albasa, wancan tafarnuwa, wani kuma tumatir. Mahaifina na tumatir ne, da kuɗinsa ake saya mini sabulu da takalma da garin kwaki duk sa'ad da za mu dawo makaranta. A bazarar 2023 wannan kuɗi bai samu ba. Ganyen tumatirin ya fara yin fari-fari kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, kafin mako biyu ya bushe ƙurmus, 'ya'yan da suka rage kuwa kowanne da huda. Sau uku Baba ya yi feshi, amma kamar ana ƙara wa abin ƙarfi. Manoma suna kiran wannan annoba Sharon. Wata rana na tsinko ganye guda na ɗaga shi saitin rana, sai ga 'yar tsutsa a kwance cikin ganyen, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana cin abinta.

Da muka dawo hutu na ba malaminmu na aikin gona labari. Ya ɗauki alli ya rubuta Tuta absoluta a kan allo, a gefe kuma ya sa Meyrick da 1917. Na tambaye shi ma'anar na gefen. Ya bayyana mini cewa al'adar masana ce su liƙa wa kowace halitta sunan wanda ya fara siffanta ta a rubuce, da shekarar da ya yi haka. Tun daga ranar na shiga neman labarin wannan mutum, ga kuma abin da na samo domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Edward Meyrick, wanda ake faɗin sunansa kamar Merik, ran 25 ga Nuwamba 1854 a wani ƙauye mai suna Ramsbury a kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. An sa shi makarantar kwana ta Marlborough wadda ba ta da nisa da ƙauyensu, daga can ya wuce Jami'ar Kambirij inda ya karanta Latin da Girkanci, tsofaffin harsunan da Turawa suke ɗauka kamar yadda muke ɗaukar Larabci wajen ilmi. Ke nan bai karanta ilmin ƙwari a jami'a ba. Sha'awa ce kawai ta kama shi tun yana ɗan makaranta, ta yawo cikin ciyayi yana kama faɗa-wuta, wato 'yan'uwan malam-buɗe-littafi da ke tashi da dare suna kewaya fitila.

Cikinsu ma ba manyan nan masu ado ya zaɓa ba. Ya zaɓi ƙanana ƙwarai, waɗanda in sun sauka a riga sai ka ɗauka ɗan tsinke ne ko ƙaiƙayi. Wasu ko sun buɗe fukafukai ba su wuce milimita uku ba. Da yawa daga cikinsu tsutsarsu ba ta cin ganye daga waje yadda fara take yi. Uwar takan saka ƙwai a kan ganye, in ya ƙyanƙyashe sai tsutsar ta huda ta shige, ta yi ta haƙa rami tana cin tsokar ganyen, ta bar fatar sama da ta ƙasa suna rufe da ita kamar ɗaki. Kowane dangi da irin raminsa. Wanda ya duba sabon tohon lemo ya ga wani zane mai ƙyalli yana lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun maciji, to, ya ga aikin ɗaya daga cikinsu, wadda wani Bature da ya riga Meyrick a wannan fage, Henry Stainton, ya sa wa suna a 1856. Ta tumatir kuwa fili take sharewa mai faɗi, ta bar baƙin kashinta a gefe. A nan sai an lura, domin siririn farin zanen da akan gani a ganyen wake ko na tumatir sau da yawa na tsutsar wani ɗan ƙuda ne, ba na faɗa-wuta ba, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

A ƙarshen 1877 Meyrick ya sami aikin koyarwa a Ostireliya, ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Ya yi kusan shekara goma a wannan sashe na duniya, ya koyar a wajen birnin Sidni, ya kuma zauna a Niyu Zilan. Can ya tarar da ƙananan faɗa-wuta iri-iri da babu wanda ya taɓa rubuta labarinsu. Da rana yana aji, in an tashi ko an yi hutu sai ya ɗauki ragarsa ya shiga daji. In ya kamo sai ya soke kowace da siririyar allura, ya baje fukafukanta, ya rubuta wuri da kwanan wata a 'yar takarda. Wanda ya taɓa ƙoƙarin kama ɗayansu da yatsa ya san wuyar wannan aiki, don da ka taɓa ta sai ta murtsuke ta bar maka ƙura a hannu.

A ƙarshen 1886 ya bar Ostireliya ya koma gida, ya zama malami a makarantar da ta yaye shi. Ya koyar da Latin da Girkanci a Marlborough har 1914, yana kuma jagorancin ƙungiyar ɗalibai masu nazarin tsirrai da dabbobi. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Mu da ke makarantar kwana mun san yadda ranar malami take, daga aji sai duba littattafan aiki, daga nan sai zagayen ɗakunan kwana da sauraron ƙarar wanda aka ɗauke wa bokiti. A cikin irin wannan hidima ne ya rubuta littafin da ya tsara dukan malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta na ƙasar Biritaniya, wanda ya fito a 1895, ya kuma sake gyara shi a 1928. A 1904 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, alhali sana'arsa koyar da yara nahawu.

Yaya yake rarrabe su, tun da a ido duk kusan kamarsu ɗaya? Magabata sun fi dogara ga launi da zanen fiffike. Meyrick ya ga launi yana ruɗi, domin biyu da ba dangin juna ba sukan yi kama, 'yan gida ɗaya kuma su bambanta. Sai ya koma ga jijiyoyin fiffike, waɗanda ke ɓoye ƙarƙashin ƙurar nan mai launi. Yakan ƙirga su, ya duba inda kowace ta taso da inda ta rabu biyu, ya haɗa da siffar kai da ta baki, da haka yake sanin gidan da zai sa kowace. Yana kuma da ƙa'idar cewa gaɓar da wani jinsi ya rasa ba ta dawowa ga zuriyarsa, da ita yake gane wane dangi ne ya girmi wani.

Da ya aje aikin koyarwa sai ya zauna a gidansa a Marlborough, duniya ta riƙa zuwa masa cikin akwatunan gidan waya. Masu tara ƙwari daga Indiya da Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Kudancin Amurka suna aiko masa da abin da suka kama ya faɗa musu sunansa, in babu suna ya raɗa. Daga 1912 zuwa 1937 ya riƙa buga wata mujalla tasa ta kansa da kuɗin aljihunsa, ba komai cikinta sai siffofin sababbin iri. Wani masani Ba'amurke, Gates Clarke, wanda ya bi aikinsa daga baya, ya ƙirga sunaye fiye da 14,000 na ƙananan faɗa-wuta da Meyrick ya raɗa. Cikinsu har da wata 'yar Afirka da ya siffanta a 1913, mai huda lemo da auduga da tattasai.

A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya siffanta wani namijin faɗa-wuta guda ɗaya tak da aka kamo a Huancayo, wani gari da ke kan duwatsun ƙasar Peru. Launinsa toka-toka da ɗigon baƙi, faɗin fukafukansa wajen santimita guda. Ya sa shi a gidan da shi da kansa ya kafa a 1902 domin tsutsar dankalin Turawa, ya kira shi Phthorimaea absoluta. Kalmar farko daga Girkanci take, tushenta ɓarna. Ya rubuta 'yan layuka ya wuce zuwa na gaba, don a wurinsa ɗaya ce cikin dubbai.

To, Meyrick yana da nasa taurin kai, ba kuwa zan ɓoye shi ba. A zamaninsa wasu masana sun gano cewa hanyar da ta fi tabbas wajen rarrabe waɗannan ƙwari ita ce a feɗe ƙarshen cikinsu a duba gaɓoɓin haihuwa a madubin ƙara girma, domin kowane iri da nasa fasali kamar makulli da mabuɗinsa. Meyrick bai karɓi wannan hanya ba har ya mutu. Kuma da wuya ya sa zane a rubutunsa, sai bayani da kalmomi kawai. Saboda haka wasu da ya ɗauka iri ɗaya ne ashe biyu ne, wasu kuma ya sa su gidan da ba nasu ba, na baya suka sha aikin gyara. Halin malamin nahawu ma bai bar shi ba. A 1912 ya ga wani Ba'amurke, Kearfott, ya raɗa sunaye marasa ma'ana masu amsa-amo, irin su bobana da cocana da dodana, sai ya yi rubutu ya soke su, ya maye su da nasa na Latin mai kyau. Masana ba su bi shi ba, domin doka ta ce sunan da aka fara bugawa shi ne suna, ko da bai yi wa malami daɗi ba. Ina jin da a ajinmu yake, da jan biro bai ishe shi ba.

Ya rasu ran 31 ga Maris 1938 a Marlborough, yana da shekara 83, 'yan watanni bayan fitowar kashi na ƙarshe na mujallarsa. Aka miƙa akwatunansa, masu ɗauke da ƙwari wajen 100,000, ga babban gidan adana halittu na Landan.

Ita kuwa 'yar faɗa-wutar Peru sai bayan mutuwarsa ta nuna halinta. Ta fara addabar manoman tumatir a Kudancin Amurka. A 2006 aka gan ta a Sifen, cikin 'yan shekaru ta bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum da Arewacin Afirka, ta tsallako hamada. An tabbatar da ita a Nijeriya a 2015, a 2016 kuwa ta yi ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci kan tumatir, kamfanin tumatirin gwangwani na Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano ya dakata don rashin abin sarrafawa. Dalilin ƙarfinta a fili yake. Mace guda tana iya saka ƙwai har 260. Daga ƙwai zuwa mai fiffike wajen wata guda ne, in zafi ya yi ma bai kai ba, shi ya sa ta fi tsanani da bazara. Tsutsar tana cikin ganye inda feshi ba ya taɓa ta sosai, in ta ƙoshi ta faɗa ƙasa ta naɗe, uwar kuma ta ɓuya da rana ta fito da dare. Ga shi kuma ta saba da magunguna da yawa tun kafin ta iso mana.

Wani zai ce, to me sunan ya tsinana wa Baba, tun da tumatirin ya riga ya tafi? Ni ma na yi wannan tunani. Amma da sunan ne ma'aikatan gona na Nijeriya suka gane cewa abin da ke cin gonakin Kano shi ne wanda aka daɗe ana fama da shi a Burazil da Sifen, suka ɗauko abin da aka koya a can maimakon su fara daga tushe. Tarkon nan mai ƙamshin mace da ake ratayawa a lambu ya jawo maza, irin wannan faɗa-wuta aka haɗa shi dominta, in ba a san ko wace ce ba ba za a san wanda za a saya ba. Da suna aka san tana zama a jikin gauta da dankalin Turawa in babu tumatir, aka san kuma amfanin tuge tsohuwar shuka a ƙone da sauya magani maimakon nacewa kan guda. Da na yi wa Baba wannan bayani a hutun da ya biyo baya, ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba yi ba in ana maganar lambu, ko da yake a shekarar rabin filin albasa ya dasa.

Sunan ma ya yi nasa yawo. Bayan Meyrick, masu feɗe ciki sun ɗauke ta daga gidan da ya sa ta, suka yi ta sauya mata gida har sau huɗu, a 1994 ta zama Tuta absoluta, sunan da malaminmu ya rubuta a allo, wanda kuma aka fi sani. A 2021 wasu masana biyu a Amurka suka sake auna ta da danginta, da irin hanyar da Meyrick ya ƙi bi, suka mayar da ita gidan Phthorimaea, inda ya aje ta tun 1917 da duban jijiyar fiffike.