Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihu Da Ya Gano Hanyar Jini Daga Zuciya Zuwa Huhu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Daga cikin malaman Musulunci waɗanda Allah ya haɗa wa sanin Shari'a da sanin magani akwai Shaihu Ala'uddin Aliyu ibn Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis. An haife shi a ƙasar Sham, a yankin Dimashƙa, wajen shekara ta 607 bayan Hijira, watau 1210. Ya karanci Alƙur'ani da Hadisi da fiƙihun mazhabar Shafi'iyya da luggar Larabci, sa'an nan ya shiga babban asibitin nan da Sarki Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙa, ya koyi aikin likita a hannun Muhazzabuddin Dakhwar, shugaban likitocin wannan zamani.

Wajen shekara ta 1236 ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi aiki a asibitin Nasiri, ya kai ga zama shugaban likitocin Masar, kuma bai yar da karatun addini ba, gama yana koyar da fiƙihu a makarantar Masruriyya. Zamaninsa kuwa zamanin tashin hankali ne. A 1258 Tattar suka ci Bagadaza suka hallaka mutanenta da littattafanta, har Alƙahira ta zama mafakar malamai. A irin wannan hali ya duƙufa ga rubutu.

Tun fiye da shekara dubu kafin haihuwarsa likitoci suke bin maganar Jalinusu, likitan Yunanawa, cewa jini yakan ratsa daga ɗakin dama na zuciya zuwa ɗakin hagu ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ke jikin bangon da ya raba ɗakunan biyu. Har Ibn Sina, da girmansa, a kan wannan ya tafi cikin littafinsa Alƙanun. Wajen 1242, yana da shekara talatin da 'yan kai, Ibnun Nafis ya rubuta sharhi a kan sashen Alƙanun mai bayanin gaɓoɓin jiki, ya kira shi Sharhu Tashrihil Ƙanun. A ciki ya bayyana cewa wannan bango mai kauri ne, ba shi da ƙofa, ta fili ko ta ɓoye. Tun da haka ne, tilas jini yana da wata hanya. Sai ya nuna cewa daga ɗakin dama jini yakan bi wata babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu cikinsa ya gauraya da iska, kana ya komo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Haka kuwa likitocin duniya suka tabbatar daga baya.

Bai tsaya nan ba. Ya ƙi yarda da cewa ɗakunan ƙasa na zuciya uku ne, kamar yadda Ibn Sina ya rubuta, ya tabbatar biyu ne. Ya kuma yi gyara ga masu cewa zuciya tana cin abincinta daga jinin da ke ɗakin dama, ya nuna ashe ta jijiyoyin da suka ratsa namanta take samunsa. Mai karatu ya lura, wanda yake wa gyaran nan shi ne malamin da ya ɓata shekaru yana sharhin littafinsa. Girmama magabata bai hana shi faɗin gaskiya ba inda hujja ta saɓa musu, kuma saɓawar ba ta sa ya raina su ba. A farkon littafin ya ambata cewa kiyaye Shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa.

Masu tarihi sun ruwaito cewa in zai yi rubutu akan fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya dinga zubo karatu da ka ba tare da duba littafi ba, in wannan ya dakushe ya ɗauki wancan. Ya ƙudura rubuta Ash-Shamil, kundin ilmin magani mai juzu'i 300, ya kammala 80. Ya rubuta Al-Mujaz, wanda ɗaliban likitanci suka yi ƙarnuka suna karantawa, da wani littafi a kan ciwon ido, da taƙaitaccen littafi a kan usulul Hadisi, da Ar-Risalatul Kamiliyya a kan tarihin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama.

Bai yi aure ba. Ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri, wanda Sarki Ƙalawun ya gina a 1284. An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa waɗansu abokansa likitoci sun ba shi shawarar ya kurɓi giya don magani, ya ƙi, domin ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira a watan Zulƙida na 687, daidai da Disamba 1288.

Bayan rasuwarsa aka riƙe Al-Mujaz, amma maganarsa a kan zuciya da huhu ta kwanta. A Turai Mika'il Sabitus ya yi bayani irin nasa a 1553, Kolombo a 1559, sa'an nan Wiliyam Habi na Ingila ya bayyana kewayen jini cikin jiki duka a 1628. Sai a 1924 wani likita Bamisire, Muhyiddin Tatawi, yana karatu a Jamus, ya ci karo da kwafin sharhin nan a wani ɗakin littattafai a Barlin, ya fito da shi duniya ta sani.

Aikin likitocin zuciya na yanzu a kan wannan sani yake tafiya. A 1929 wani likitan Jamus, Fosman, ya zura siririyar mesa ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa. A 1977, a birnin Zurik na Siwizalan, likita Gurunzig ya zura irin wannan mesa mai ɗan balan-balan a bakinta, ya buɗe jijiyar zuciyar wani majiyyaci da ta tsuke ba tare da an tsaga ƙirjinsa ba. Jijiyoyin nan su ne waɗanda Ibnun Nafis ya ce zuciya da su take rayuwa.

Rayuwar wannan bawan Allah ta isa amsa ga mai zaton karatun likita da karatun addini ba sa haɗuwa a ƙirji ɗaya. Ta kuma isa gargaɗi ga masu tsofaffin littattafan kakanni a ɗakunan ajiya, domin in aka bar su gara ta cinye, ba a san abin da aka yi hasara ba. Allah ya jiƙan Shaihu Ibnun Nafis, ya saka masa da Aljanna, amin.