Sufi Tabassum, malamin Farisanci da ya mayar da Ghalib zuwa Punjabi

A ƙasar Pakistan, yara sun fi sanin Sufi Ghulam Mustafa Tabassum da waƙoƙin Tot Batot, wani barkwancin hali da ya ƙirƙiro musu. Sai dai ainihin sana'arsa koyar da Farisanci ce, kuma babban aikinsa fassara.

An haife shi a shekarar 1899 a birnin Amritsar na yankin Punjab, zamanin mulkin Turawan Ingila, iyayensa 'yan asalin Kashmir ne. A Lahore ya yi karatu mai zurfi, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa a Kwalejin Gwamnati ta birnin, har ya shugabanci sashen Farisanci kafin ya yi ritaya a 1954. Rabuwar ƙasa ta 1947 ta bar mahaifarsa a ɓangaren Indiya, tazarar kilomita 50 kacal daga inda yake zaune.

Matsayin harsuna a Punjab shi ya ba aikinsa nauyi. Farisanci ne harshen fada da kotu tsawon ƙarnoni. Da Turawa suka ci yankin a 1849, sai suka ɗora Urdu a ofisoshi da makarantu. Punjabi kuwa, wanda jama'a ke ciniki da renon 'ya'ya da shi, aka bar shi a kasuwa da cikin gida, kuma kafuwar Pakistan ba ta sauya hakan ba. Masu ilimi da dama sun ɗauka bai isa ya ɗauki zance mai zurfi ba.

Da fassara Tabassum ya ba su amsa. Ya ɗauko wata waƙar Farisanci ta Mirza Ghalib, mawaƙin Delhi da ya rasu a 1869, wanda ya yi suna wajen wuyar lafazi, ya zuba ta cikin Punjabi na yau da kullum. Da mawaƙi Ghulam Ali ya rera ta, sai ta shiga bakin mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Farisanci ba, wasu ma suka zaci a Punjabi aka tsara ta tun asali. Da wuya mai fassara ya samu yabon da ya wuce wannan, ko da yake shi ne kuma yakan ɓoye sunansa. Ya kuma mayar da wasan kwaikwayon Shakespeare, A Midsummer Night's Dream, zuwa Punjabi, sannan ya rubuta sharhin waƙoƙin Farisanci na Ghalib da Urdu.

Ya yi aiki da Rediyon Pakistan, kuma a lokacin yaƙin 1965 da Indiya ya tsara waƙoƙin da zabiya Noor Jehan ta rera wa sojoji. Ya rasu a Lahore ranar 7 ga Fabrairun 1978.