William Galloway: Injiniyan Da Ya Tona Asirin Ƙurar Kwal

A ƙarni na goma sha tara haƙar kwal tana cikin sana'o'in da suka fi cin rayuka a ƙasar Birtaniya. Sau da yawa wuta kan tashi a ƙarƙashin ƙasa, ta hallaka ɗaruruwan mahaƙa cikin ƙiftawar ido. Masana na wancan zamani sun ɗora laifin duka a kan wata iska mai kama wuta wadda ke tsattsafowa daga jikin kwal. Mutumin da ya nuna cewa ba nan gizo ke saƙa ba shi ne William Galloway.

An haifi Galloway a garin Paisley na ƙasar Sikotland a shekarar 1840. Neman ilmi ya kai shi Jamus, inda ya yi karatu a Giessen da kuma shahararriyar makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg. Bayan ya komo gida ya yi aiki a ramukan kwal, a 1873 gwamnati ta naɗa shi mataimakin sufeton mahaƙai. Ba da daɗewa ba aka mai da shi kudancin Wales, yankin da ramukansa ke da zurfi, ga kuma bushewa.

A nan ne ya lura da wani abin da ya ɗaure masa kai. Idan ya shiga rami bayan gobara, yakan tarar wuta ta ratsa hanyoyi masu nisa inda babu alamar wannan iska, ga kuma ƙonanniyar ƙura ta manne wa itatuwan da ke tokare rufin. Tun a 1845 Michael Faraday da Charles Lyell sun ambaci hannun ƙura a gobarar Haswell, amma ba a ba maganarsu muhimmanci ba. Galloway ya ɗauki al'amarin, ya yi ta gwaje-gwaje, har ya gane yadda abin ke faruwa. Fashewar farko, ko ta iska ko ta nakiya, ita ke tayar da ƙurar da ke kwance. Ƙurar sai ta kama, ta tayar da ta gabanta, haka wutar za ta yi ta ciyar da kanta har ta game ramin. Waɗanda suka tsira daga harshen wuta kuwa, gubar hayaƙin da ya biyo baya ita ke ƙarasa su.

A 1876 ya gabatar da sakamakon bincikensa ga ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Maimakon yabo, sai ya gamu da turjiya daga manyansa a aiki da masu ramuka, domin karɓar maganarsa na nufin sake tsarin aiki da kashe kuɗi. Duk da haka bai ja baya ga hidimar mahaƙa ba. A 1877, da ruwa ya rutsa da mutane a ramin Tynewydd, yana cikin waɗanda suka yi aikin ceton da ya fito da mutum biyar da ransu bayan fiye da mako guda. A 1879 ya ajiye aikin sufeto, ya ci gaba da bincike don kansa.

Sannu a hankali gaskiya ta yi halinta. A 1891 aka kafa hukumar bincike kan ƙurar kwal, a shekarar kuma ya zama shehun malamin haƙar ma'adinai a kwalejin jami'a ta Cardiff, muƙamin da ya riƙe har 1902. Amma jinkirin aiki da shawara ya yi tsada ƙwarai. A 1906 gobarar Courrières a Faransa ta ci mutum 1,099, ta Senghenydd a Wales kuma ta ci 439 a 1913, a dukkansu ƙura ce ta yaɗa wutar. Daga baya yayyafa ruwa da barbaɗa garin dutse, wanda ba ya cin wuta, suka zama ƙa'idar aiki a ramuka.

Sarki ya karrama shi da lambar Sir a 1924, ya rasu a 1927. Girmamawar ta zo a makare, amma ya rayu har ya ga abin da aka ƙi ji daga bakinsa ya zama doka mai kare rayukan mahaƙa.